Hoton mai juna biyu a ɗakin gida: ina zan ajiye fitila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce a unguwar Zariya nan Maradi, ban daɗe da fara sana'ar hoto ba. Na ware ɗaki ɗaya a gidanmu, mita 4 tsawo, mita 4 faɗi. Ina da ƙaramar kyamara da lensi 18-55 da wani 50mm, da filash guda ɗaya da nake ɗorawa a kan kyamara, sai fitilar zobe. Mata masu juna biyu sun fara zuwa wurina saboda ni mace ce, amma hotunan ba sa gamsar da ni. Cikin ba ya fitowa, sai a ga kamar ƙiba ce kawai, goshi yana ƙyalli, ga baƙar inuwa a bango. Wace fitila zan ƙara saya, kuma yaya zan jera su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa sana'ar albarka. Kar ki sayi fitila ta biyu tukuna. Matsaloli ukun da kika lissafa tushensu ɗaya ne: haskenki yana fitowa daga inda kyamara take. Filash a kan kyamara da fitilar zobe duk aiki iri ɗaya suke yi, suna dukan mutum ta gaba su share duk wata inuwa da ke jikinsa. Ciki kuwa inuwa ce take nuna tudunsa. In babu wurin da haske ya fara dusashewa a hankali ya koma duhu, ido ba zai gane cewa abu ya kumbura ya fito gaba ba.

Ki gwada da kanki yau da dare. Ki ɗora tulu ko kankana a kan kujera, ki kashe wutar ɗaki, ki haska shi da tocilan waya daga daidai fuskarki. Za ki ga ya baje, ba tudu ba kwari. Sai ki ba wani ya riƙe wayar ya koma gefen tulun, ke kina nan inda kike. Nan take za ki ga gefe ɗaya ya yi haske, hasken yana raguwa har ya ɓace a ɗaya gefen, tulun ya fito da zagayensa. In mai riƙon ya ƙara matsawa baya kaɗan, sai wani siririn layin haske ya zana gefen tulun. Wurare biyun nan, gefe da gefe mai ɗan komawa baya, su ne kusan dukan aikin da za ki yi da mai ciki.

A wurinmu abin ya fi muhimmanci ma, don matan da za su zo miki a suturce suke. Wadda ta naɗa laffaya, ko ta sa abaya, ko doguwar rigar atamfa, tufafin sun riga sun ɓoye surar jiki. Ba wanda zai ce ta buɗe ciki kamar yadda ake gani a hotunan Turawa, kuma ba a buƙatar hakan. Haske da hannuwanta ne za su nuna cikin, ita tana cikin mutuncinta.

Kuɗin da kika tanada don fitila ta biyu, ki kashe shi wajen sauke filash ɗinki daga kan kyamara. Kina buƙatar sandar fitila mai ƙafa uku da ke kai mita 2, da mariƙin da ke haɗa filash da sandar, da tiriga, wato ƴar na'urar da ake ɗorawa a kan kyamara ta aika wa filash umarni ba tare da waya ba, sai abin da zai tausasa hasken. Wajen tiriga ki kula, kowace da kyamararta: ta Canon daban, ta Nikon daban, ta Sony daban. A kayan Godox, alal misali, harafin ƙarshe ne ke nunawa, X2T-C ko X2T-N ko X2T-S. In filash ɗinki irin TT600 ne, yana da mai karɓar saƙo a cikinsa. In ba shi da shi, ki duba ko yana da S1 da S2. Da su yana iya tashi in ya ga walƙiyar ƙaramin filash na jikin kyamara; S2 ake sawa in kyamarar tana yin ƴar walƙiyar gwaji kafin ta gaske. Sai dai ki rage ƙarfin na jikin kyamarar iya ragewa, kada ya dawo miki da hasken gaban da kike gudu.

Abin tausasa haske kuwa, ko farar lema ta hoto mai faɗin kusan mita 1, ko sofbos, wato akwatin yadi mai farar fuska da ake sa filash a cikinsa, mai santimita 90 zuwa 120. Lema ta fi araha da sauƙin samu, amma tana watsa haske ko'ina, kuma a ɗaki mita 4 mai farin bango hasken zai yi ta komowa daga kowace kusurwa ya cinye inuwar da kike nema. Sofbos ya fi kama haske ya nufi da shi wuri ɗaya, shi ya sa na fi so ki saye shi in hali ya yi. Ƙa'idar ita ce: gwargwadon girman abin da haske ke fitowa daga cikinsa, da kusancinsa da mutum, gwargwadon laushin inuwa. Ƙyallin goshin da kike kuka da shi hoton kan filash ne ƙarami mai zafi yake bayyana a fata mai maiƙo. In hasken ya fito daga abu mai faɗi, ƙyallin zai baje ya zama sheƙi mai laushi, kuma baƙar fata tana yin kyau ƙwarai da irin wannan sheƙin.

Yanzu jeri. Ki ɗauka ƙasan ɗakin fuskar agogo ce. Mai cikin tana tsakiya, ke kina kan 6, labulen baya yana kan 12. Ki juya ta ta fuskanci 8, wato ba ta kallonki kai tsaye, ba kuma ta ba ki gefe gaba ɗaya ba. Fitila ta tsaya tsakanin 9 da 10, cikin yana fuskantarta. In kika juya ta ta ba fitila baya, gadon bayanta ne zai sha haske, cikin ya nutse a duhu. Tazarar fitila da ita mita 1 da ɗan wani abu zuwa mita 1 da rabi. Tsakiyar sofbos ya ɗan ɗara tsayin idonta, ki sunkuyar da shi ƙasa kaɗan. In ya yi sama da yawa, idanu za su faɗa rami, ƙasan ciki ya yi baƙi ƙirin, ɗankwali ko gyale ya jefa inuwa a goshi. In ya yi ƙasa da haɓarta, inuwar hanci za ta haura sama, fuska ta yi muni. Alamar da za ki duba ita ce ɗigon haske a cikin ƙwayar idonta: in yana ɓangaren sama na idon, tsayin ya yi.

Akwai abin da ke ruɗa masu farawa a nan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: in tazara ta ninka biyu, abin da ke isa kashi ɗaya ne cikin huɗu. To ciki ya fi fuska kusa da fitila. In fuskarta tana mita 1 daga sofbos, cikin yana santimita 80, hasken da ciki ke samu ya fi na fuska da fiye da rabi. Ki haɗa wannan da farar riga da fuska mai duhu, sai ki ga rigar ta ƙone fari fat babu zare babu ado, fuskar kuma ba ta ishi gani ba. Maganin iri biyu ne. Ko ki ja fitilar baya zuwa mita 1 da rabi, bambancin ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ko kuma ki ɗan karkatar da bakin sofbos ɗin zuwa gabanta, wajenki, yadda tsakiyar hasken zai wuce ta gaban cikin, gefen hasken ne kawai ke shafarta. Hasken gefen sofbos ya fi na tsakiyarsa laushi da daidaito. Wannan karkatarwar tana kuma hana haske zuba a bango.

Wannan ƙa'idar dai ita ce maganin inuwar bango. Ki raba ta da labulen baya da aƙalla mita 1, in da hali 1 da rabi. Tunda hasken daga gefe yake zuwa kuma daga sama, inuwarta za ta faɗi ƙasa can gefe, a wajen hoto. Bangon ma zai samu ƙarancin haske, fari ya koma ruwan toka mai kyau ba tare da kin sayi komai ba.

Sai dai ɗakinki mita 4 ne, dole a yi lissafi. In kyamararki irin ta masu farawa ce mai ƙaramin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, lensi 50mm yana son ki ja baya kusan mita 3 kafin ki samu daga kai zuwa gwiwa, in kin riƙe kyamarar a tsaye. Daga kai har ƙafa kuwa sai fiye da mita 4, ɗakin ba zai ba ki ba. Ki yi aiki daga kusurwa zuwa kusurwa, don tsakanin kusurwoyi biyu masu kallon juna a ɗaki irin naki ya haura mita 5 da rabi, ko ki tsaya a bakin ƙofa ki ɗauka daga waje. Don cikakken tsayi ki sa 18-55 a kan 35, mita 3 ya ishe ki. Kar ki sauka zuwa 18 ki matso kusa don ki samu wuri: duk abin da ya fi kusa da lensi zai kumbura, hannu ya yi girma, hanci ya yi faɗi, alhali mai ciki dama hancinta da ƙafafunta sukan ɗan kumbura a watannin ƙarshe, ba ta son a ƙara mata. Tsayin kyamara ya zama daidai ƙirjinta. Kar ki durƙusa ki ɗauko ta daga ƙasa.

Saitin kyamara: ki koma M, wato inda ke da kanki kike saita komai. Shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa, 1/160 na daƙiƙa; buɗin lensi f/5.6; ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, 200. Ki kashe ƙwan ɗaki, ki ja labulen taga, ki ɗauki hoto ɗaya filash a kashe. Ya kamata ya fito kusan baƙi. In ya fito da haske, akwai wani haske a ɗakin da zai gauraya da naki. Daga nan ki kunna filash, shi ma a M, ki fara da ƙarfi 1/4. In ya yi duhu ki hau 1/2 ko ki kai ISO 400. In ya yi yawa ki sauka 1/8. Kowane mataki ninki biyu ne ko rabi. Ki canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, in ba haka ba ba za ki san wanne ya gyara ba. Shota kada ya wuce 1/200, ko 1/250 a wasu kyamarori. In ya wuce za ki ga baƙin layi ya yanke gefen hoto, don labulen cikin kyamara bai gama buɗewa ba filash ya tashi. Na zaɓi f/5.6 ne don ido da hannun da ke kan ciki ba tazararsu ɗaya da lensi ba. A f/1.8 ɗaya zai fito ɗaya ya yi hazo. Ki ɗora fokas a idon da ya fi kusa da ke. Kar kuma ki yi ta harba filash a cikakken ƙarfi a jere: ƙananan filash suna zafi, bayan harbi kusan 30 a jere wasu sukan rage gudu da kansu, kuma a zafin Afrilu da Mayu abin ya fi saurin faruwa. Gara ISO 400 da 1/4 a kan ISO 100 da cikakken ƙarfi.

Ɓangaren inuwa fa? In ya yi duhu har kumatun da ke wajenki ya ɓace, ki sa abin mayar da haske a kan 4 na agogon nan, mita 1 daga gare ta. Ba sai kin saya ba: farin kwali babba, ko farar soson roba da ake ƙunso firiji da ita, ko farin zanen gado da aka rataya a bayan kujeru biyu. Ki matso da shi inuwa ta yi sauƙi, ki ja shi baya ta ƙara zurfi. Abin nema shi ne ɓangaren haske ya ninka na inuwa sau biyu zuwa huɗu. In suka yi daidai kin koma gidan jiya. A ƙaramin ɗaki mai farin fenti ma sau da yawa akasin haka ake fama da shi, bango yana mayar da haske fiye da kima. A nan baƙin zane za ki rataya a ɓangaren inuwa ya shanye hasken. Ki lura da launin fentin ɗakin kuma. Bango shuɗi ko kore ko ruwan hoda yana mayar da haske da launinsa, sai fata ta fito da wani kore-kore da ba a iya cirewa cikin sauƙi. Ki rufe bangon da ke kusa da farin yadi ko baƙi.

Daidaiton launi, abin da kyamara ke rubutawa WB, ki sa shi a alamar filash ko 5500K, kar ki bar shi a otomatik yana canzawa daga hoto zuwa hoto. Ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da ya fi sauƙin gyarawa daga baya, in kyamarar tana yi. Ki kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, in ta ƙyafta a kan riga ki rage. Ina roƙonki kuma, kar ki ƙara haske don ki mayar da baƙar mace fara. Fatar za ta koma toka-toka, ta rasa jininta. Mai ciki wuyanta da wasu sassan fuskarta sukan ƙara duhu, abu ne da aka sani kuma yakan washe bayan haihuwa. Haske mai laushi da ɗan farin kwali a ƙasan ƙirji ya isa ya daidaita wuyan da fuska. In ta shafa basilin ko man kaɗanya, ko zufa ta karyo, ki ba ta tishu ta danna a goshi da hanci, ba gogewa ba, sannan hoda kaɗan.

Tufafi rabin aikin haske ne. Shadda mai sheƙi da leshi mai duwatsu suna mayar da filash kamar madubi, ga shadda da tauri, tana tsayawa nesa da jiki ta ɓoye cikin. Yadi mai laushi marar ƙyalli, mai launi ɗaya, shi ya fi bin jiki ya karɓi inuwa. Atamfa mai manyan zane tana jan ido daga tudun cikin, amma in ita take so, a yi da ita, sai ki ƙara tura fitila wajen 10 don inuwar ta yi ƙarfi. Ki tanadi ƴan maƙalan shanya guda biyar ko shida, ki tattare rarar yadin ta baya ki maƙale inda kyamara ba ta gani. Ta ɗora hannu ɗaya a saman ciki, ɗaya a ƙasansa, yatsu a sake, hannun ƙasan yana ɗan jan yadin ya kwanta. Ƙafar da ke wajenki ta ɗan lanƙwasa gwiwa, nauyinta a kan ta bayan, kafaɗu a sake, haɓa ta ɗan fito gaba ta sauka. In ta yi lalle, ki matso ki ɗauki hannuwan kawai a kan ciki, hasken gefe yana fito da zanen sarai. Wannan hoton ma shi wasu suka fi so, don babu fuska a ciki.

Ga gargaɗin da ban so ki manta: duk lokacin da haske ya fito daga bayanta, laffaya da shifon da duk wani yadi marar kauri suna zama shara-shara. Idonki ba zai gani ba a ɗakin, don filash ƙiftawa ɗaya yake yi, amma hoton zai nuna surar ƙafafu da cinya. Ki gaya mata tun kafin ta zo ta sa fatari ko siket mai kauri da shimi a ciki, kuma ki faɗaɗa hoton farko a bayan kyamara ki duba da kyau. In ya nuna, ki goge shi a gabanta.

Da wannan sharaɗin, akwai salo biyu na hasken baya da filash ɗinki guda zai yi. Na farko, ta ba ki gefe sosai, ta fuskanci 9, ki kai sofbos tsakanin 10 da 11, labulen baya baƙi. Layin haske zai bi goshi, hanci, ƙirji, ya zagaye ciki, sauran jiki yana cikin duhu. In kina son layin ya ƙara siranta, ki rufe gefe biyu na sofbos da baƙin kwali ki bar tsaga mai faɗin santimita 30. Tunda fitilar tana ɗan kallon lensi, hoton zai iya yin hazo. Ki sa hular lensi mai tare hasken gefe, ko ki tsayar da kwali tsakanin fitilar da kyamara. Na biyu shi ne inuwa zalla: ki cire sofbos, ki ajiye filash a ƙasa bayanta yana haska farin bango, ita tana mita 1 da rabi daga bangon, babu haske ko kaɗan a kanta. Ki sa f/8, ki ƙara ƙarfi har bango ya yi fari, ita ta fito baƙa. A nan sura ce kaɗai ke magana, don haka hannu ya rabu da jiki kaɗan, mayafi kada ya zubo ya cike ƙugu. Ki tambaye ta kafin ki yi, don wannan salon yana ɓoye fuska amma yana bayyana sura fiye da sauran, ba kowace ce za ta yarda ba.

Taga ma fitila ce, kuma kyauta. Duk abin da na faɗa a kan sofbos ya hau kanta: mai cikin ta tsaya kusan mita 1 daga taga, cikin yana fuskantar hasken, ke kina ɗauka a layin bango. Sharaɗi dai kada rana ta shigo kai tsaye. Za ki ji ana cewa tagar arewa ta fi, amma wannan shawarar mutanen Turai ce, a Maradi rabinta ne gaskiya. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana tana bi ta kudu, tagar arewa tana cikin inuwa yini guda. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa rana ta koma arewa da mu, sai tagar kudu ta fi lafiya. In ta gabas ce gare ki ki yi aiki da yamma, in ta yamma ce ki yi da safe. In rana ta matsa, ki rataya farin yadi marar kauri a tagar. Ki fara da lensi 50mm a f/2.8, shota 1/125, ISO 400 zuwa 800, ƙwan ɗaki a kashe. Lokacin hunturu ƙura tana tausasa haske amma tana sa shi ja-ja, ki gyara WB da farar takarda. Ƙurar nan tana kuma rina farin yadin sofbos, don haka ki naɗe shi a jaka in kin gama.

In wata rana za ki sayi fitilar da ke kunne koyaushe, irin LED mai wat 60 kamar SL60W, amfaninta shi ne kina ganin inuwa da idonki kafin ki danna, abin da ke taimakon mai koyo sosai. Ki nemi wadda CRI ɗinta, wato ma'aunin yadda take nuna launi daidai, ya kai 95, don masu arha suna ɓata launin fata. Amma ki tuna tana jiran wutar NIGELEC, kuma kin san yadda ake ɗauke ta lokacin zafi. Filash mai batir huɗu ba ruwansa. Wutarmu 50Hz ce, don haka in kika ga ratsi-ratsi a hoto ƙarƙashin ƙwan LED na kasuwa ko dogon ƙwai, ki sa shota 1/50 ko 1/100. Fitilun halojin na masu gini kuwa kar su shiga ɗakin, zafinsu ya fi ƙarfin mai ciki. Fitilar zobenki ki bar ta don bidiyo, ko ki rage ta sosai ki haska labulen baya da ita.

In maigida ya zo za a ɗauke su tare, ko da yaro, ya tsaya a bayanta ta ɓangaren da ba fitila, kada ya tare mata haske. Ki ja fitilar zuwa mita 2 ki dawo da ita wajen 8, ki ƙara ƙarfi, ki sa f/8 don fuskoki biyu su fito.

Lafiyarta tana gaba da kowane hoto. Lokacin da ya fi dacewa tsakanin mako 28 ne da 34, wato wata na bakwai zuwa na takwas: ciki ya fito, ita kuma ba ta yi nauyin da tsayuwa za ta gagare ta ba. In cikin fari ne ki tambaya da wuri, don ana iya tafiya da ita goyon ciki gidan iyaye kafin ki ankara. Walƙiyar filash haske ne kamar kowane, ba ta cutar da ɗan tayi, ki kwantar mata da hankali in ta tambaya. Abin tsoro na gaske sanda ce ta faɗo mata, ko waya ta harɗe ta. Ki cika ƙaramin buhu da yashi kilo 5 ki ɗora a ƙafar sandar, ki manne duk wata waya a ƙasa, ƙafa ɗaya ta sandar ta kasance a ƙarƙashin nauyin sofbos. Kar ta hau kujera ko turmi, kar ta sa takalmi mai tsini. Kar ki kwantar da ita rigingine ta daɗe, don nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jiri ya kama ta. In hoton kwance ne, ta kwanta a gefen hagu da matashi. Duk minti 10 zuwa 15 ta zauna ta sha ruwa, fanka tana aiki, aikin duka kada ya wuce awa ɗaya. Ɗakin da aka rufe taga da ƙofa yana zafi da sauri, saboda haka lokacin bazara ki ba da alƙawarin safe. In ta ce tana jin jiri ko mara ta ɗaure, aiki ya tsaya nan take.

Shi ya sa ba a koyon haske a kanta. Kafin ta iso, ki sa ƙanwarki ko wata ƴar gida ta cusa matashi a riga ta tsaya a wurin, ki daidaita komai, ki manna salatif a ƙasa inda za ta tsaya da inda sandar take. In ta zo ki fara da na tsaye tun tana da ƙarfi, sannan na hasken baya, ki ƙare da na zaune da na hannuwa. A na zaune ta zauna a bakin kujera, baya a miƙe, ki sauke fitilar daidai sabon tsayinta, don mutane da yawa suna mantawa su bar ta can sama.

Mutanenmu suna da kunya a kan ciki, wasu kuma suna tsoron baki, har sukan ɓoye shi sai an sauka lafiya. Matan nan sun zo wurinki ne don sun amince da ke. Hoto ko ɗaya kada ya hau Facebook ko TikTok ko sitatus na WhatsApp sai ta ce miki e da bakinta, kuma ki tambaya ko maigidanta ya sani. In za ki kai wanki, ki kai da kanki, ki tsaya a goge daga kwamfutar mai wankin. Ki fara wanke ƙarami guda ɗaya ki gani, don hoto mai inuwa da yawa yakan fi duhu a takarda fiye da yadda yake a fuskar waya. In ya yi duhu, ki ɗan ɗaga ɓangaren inuwar kafin a wanke babban.